Shekarar da Na Cire Takalmi

Har yanzu a unguwarmu ta Gangare akwai masu cewa na ɗan taɓu a shekarar da mahaifiyarku ta rasu, daga baya Allah ya maido mini da hankalina. Ban taɓa tsayawa musu da kowa a kan wannan ba. Amma jikokina sun fara girma, za su ji maganar a bakin wasu, gara su ji ta daga wurina. Musamman kai, Abba. Ni da kai ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Yadda aka raine ni, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama da shi ya buɗe masa cikinsa. Mahaifiyarku ma da ta bi al'ada haka za ta yi, amma ita ta ajiye kunyar tun kana goye, don a Jos ba mu da kaka ko gwaggo da za ta ɗauke ka. Sai ta zama hanya tsakaninmu. Abin da nake so ka ji, ita nake gaya wa. Abin da kake so in ji, ita kake gaya wa. Da ta tafi, hanyar ta tafi da ita, ba mu lura ba sai da muka buƙace ta.

A barikin kuza aka haife ta, can gefen Bukuru, inda mahaifinta yake lebura. Tun tana ƙarama ita ke kai masa abinci bakin rami, da gudu, ba takalmi, kwano a ka. Takan ce ko an rufe mata ido za ta gane hanyar da ƙafa: inda yashi yake, inda tsakuwa take, inda ƙasa ke danshi ko da rani. Bayan mun yi aure ma ba ta yarda da takalmi a tsakar gida ba. In na sayo mata silifas, sai dai in gan shi a ƙafar baƙuwa. Da ciwon suga ya kama ta, ƙafar ce ya fara ci. Da farko ta ce kamar tururuwa ke yawo a ciki. Daga baya ta ce kamar ta sa safa mai kauri. Daga nan ta daina cewa komai. Wata safiya ta taka garwashi a gindin murhu, ta ci gaba da aikinta, ba ta sani ba sai da ƙanwarka Rahina ta dawo daga asibitin da take aikin nas ta ga sawun jini a siminti. Ciwon bai warke ba. Sauran kun sani, kuna wurin, ba zan rubuta shi ba.

Abu biyu kawai zan tuna muku daga watannin nan. Na farko, tsinken tsintsiya. Rahina takan zare tsinke ɗaya, ta ce wa mahaifiyarku ta rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafarta tana tambaya ko ta ji. Ita kuwa, don kada 'yarta ta damu, sai ta ce ta ji. Wani lokaci tun ba a taɓa ta ba take cewa ta ji. Rahina ba ta taɓa nuna mata ta gane ba, sai dai ta shiga kicin ta daɗe.

Na biyu, ku ba ku san shi ba. Bayan ta kwanta, duk safiyar da na dawo daga masallaci sai ta tambaye ni ko ƙasa da sanyi yau. Nakan ce mata da sanyi mana, Jos ce. Ran nan ta dube ni ta ce:

"Malam, ba iska na tambaye ka ba. Ƙasa na ce."

Na ce ban sani ba, da takalmi na fita. Ta yi murmushi ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na taka garin nan ba, takalmina ne dai yake takawa. Na yi dariya. Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Ranar jana'iza, a maƙabarta, na cire takalmina don in taimaka a sa ta. Da aka gama aka watse, na nemi takalmin na rasa. Mutane da yawa, silifas duk iri ɗaya, wani ya sa ya tafi bai sani ba. Wani maƙwabci ya cire nasa ya miƙo mini, na ce ya bar shi. Haka na taka har gida. Tun da ta shiga asibiti na ƙarshe ban ji komai a jikina ba, ko yunwa, ko gajiya, ko hawaye. Amma a hanyar nan na ji burji yana cin tafin ƙafata. Na ji kwalta da sauran ɗumin rana. Na ji inda ruwan famfo ya jiƙa lungu, na ji sanyin inuwar katanga. Duk inda na taka, sai in ji kamar in juya in gaya mata.

Bayan sadakar arba'in gida ya yi shiru. Na koma shago, na zauna a kan keken ɗinki, ƙafata a kan feda, amma sai in ga na ɗinke aljihu ko na juya wuyan riga. Abin da ya fi wuya shi ne bayan sallar asuba, lokacin da take yi mini tambayar nan. Ba na iya komawa ɗakin. Sai na fara wucewa daga masallaci zuwa filin ƙwallon wata makarantar firamare da ke bayan unguwa. Ina cire takalmi in yi ta zagayawa. Idan ina tafiya, tunani na tafiya tare da ni. Wata safiya, ban san dalili ba, na ɗaga ƙafa na yi gudu, sai na ji an bar ni in huta. Na yi ta gudu har numfashi ya ƙare. Washegari na koma na ƙara. Jibi ma haka.

Gudun mai takalmi nake yi ba takalmi. Ina miƙa ƙafa gaba, ina buga dunduniya da ƙarfi, kamar yadda na saba tafiya tun ina saurayi. Kafin mako ya ƙare tafin ƙafata ya yi bororo, sharaɓata ta sandare kamar itace, jijiyar bayan dunduniya kuwa ko taɓa ta ba na so. A zaune na yi salla kwanaki. A ranar ƙarshe ko takalmin ban iya mayarwa ba, na riƙo shi a hannu na ɗingiso gida ta tsakiyar unguwa, daidai lokacin da masu ƙosai ke hura wuta. Tsoho mai furfura, da hula, da takalmi a hannu, matarsa ta rasu kwanan nan. Ban ga laifin waɗanda suka ce na taɓu ba. Ni ma da na ga wani haka, abin da zan ce ke nan.

Da na ɗan sami sauƙi na koma filin, sai na tarar da Baba Dung zaune a kan dutse da sandarsa. Ku ba ku san shi sosai ba. Tsohon malamin wasanni ne, Kirista, mutumin ƙasar nan. Shekaru da yawa ni ke ɗinka wa ɗalibansa gajerun wanduna, kafin gari ya rabu kowa ya koma zama cikin nasa. Ashe duk kwanakin nan yana kallona daga nesa, ya ƙi magana don ya ji an yi mini rasuwa. Ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya nuna ƙafata da sanda, ya ce da irin Hausarsa:

"Oga tela, kana so ka mutu ne, ko kana so ka yi gudu? Ka zaɓa ɗaya, don in san wanda zan taimake ka."

Na ce gudun. Ya ce to ba haka ake yi ba. Ya ce tun daga bakin get yake jin ƙafata kamar ana kirɓa sakwara. Ya ce shi da ƙafa tsirara ya yi tsere tun yana yaro a kan duwatsun ƙauyensu, amma shi ƙafarsa a waje ta girma.

"Naka kuwa ya zauna cikin takalmi tun kafin a haifi yaranka. Jariri ne. Ka fito da jariri ka ba shi fartanya."

Ya fara jera mini abubuwan da zan kiyaye, ina saurare. Cikin maganar ya ce kada in sake zuwa da duhun asuba, in bari rana ta ɗan fito. Ya ce sanyin Jos na kashe ƙafa, mutum ya taka kwalba bai sani ba, kuma ƙafar da ba ta ji ita ce ke kai mutum kabari. Bai san abin da ya faɗa ba. Sai na gaya masa yadda mahaifiyarku ta rasu. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da ya yi magana, cewa ya yi ba zai koya mini komai ba sai an gwada jinina an ga ba ni da sugan. In akwai shi, ya ce, da sandar nan zai kore ni daga filin.

Kafin in je gwajin, labari ya riga ni isa gidanka a Rayfield. Ranar Lahadi da hantsi ka zo da motarka, Abba, kai da Rahina. Ka ajiye kwali a gabana, takalmin kambas ne mai tsada, ka koma bakin ƙofa ka zauna a ƙasa kana kallon tabarma, kamar yadda ka saba. Ba ni ka yi wa magana ba, Rahina ka yi wa, ina zaune ina ji. Ka ce ta gaya wa Baba an gyara masa ɗaki a gidanka, da banɗaki a ciki. Ka ce ta gaya wa Baba in motsa jiki yake so, akwai injin gudu da ake sawa a ɗaki, za ka saya. Ka ce ta gaya wa Baba mutane na magana. Ni ma na juya wurin Rahina, na ce ta gaya wa yayanta na gode, Allah ya yi masa albarka, amma ina nan a ɗakina. Haka muka yi ta yi, yarinyar nan tana tsakiya tana juya kai, tana maimaita wa kowa abin da ya riga ya ji. Dalilin yana bakina. Da mahaifiyarku ce a tsakiya, da kalma ɗaya ta isa. Amma yaya zan ce wa 'yata ta gaya wa ɗan farina cewa ina taka ƙasa ne don in amsa tambayar matata?

Sai ka ɗago kai. Tun da aka haife ka ban taɓa ganin idonka a cikin nawa ba sai ranar. Ka ce:

"Baba, ni na sa hannu a takarda aka yanke ƙafar Mama. Ba zan sake sa hannu ba."

Ka jira, na san ka jira. Sannan ka miƙe, ka ce a tashi lafiya, ka fita. Da Babbar Salla ta zo, direbanka ne ya kawo rago. Ni kaɗai na tafi idi a shekarar, da maƙwabta. Wannan shi ne abin da zaman da na zaɓa ya ci mini, kuma ban raina shi ba.

Rahina ta yi kwanaki ba ta zo ba. Da ta zo, da abin gwajin suga ta zo, kuma ta sa na bi ta asibiti aka ƙara dubawa sosai. Jini ya fito lafiya. Ba ta yi murna ba, ta dai zaunar da ni ta kafa mini sharaɗi kamar ni ne ɗan. A fili kawai, ban da titi. Sai rana ta fito. Kuma duk Juma'a za ta zo ta duba ƙafata. Ranar da ta ga ciwon da na ɓoye, ko ta taɓa ni da tsinke ban ji ba, magana ta ƙare, zan tattara in koma gidan yayanta. Ta ce in yi mata alkawari. Na yi. Ta ce za ta ba ni lokaci tukuna bororon ya warke, kafin ta fara gwajin tsinken.

Baba Dung kuwa ya hana ni gudu gaba ɗaya har tsawon wani lokaci. Ya ce in fara yawo ba takalmi a tsakar gida da cikin shago. Ya ce in riƙa dafa bango ina ɗagawa a kan yatsu ina sauka a hankali. Ya ce in riƙa tsince ƙyallayen da suka zuba a shago da yatsun ƙafa maimakon in sunkuya. Abokan sana'a suka ga wannan, suka ƙara tabbatar da abin da suke zato. Sannan muka koma fili, tafiya kawai. Kullum kafin komai sai mun zagaya da ido muna tsince kwalba da ƙusa da marfin lemo. Ya fi son gefen da ƙasa take a daddaɓe ba ciyawa, don ciyawa tana ɓoye ƙaya, kuma laushinta na barin mutum ya ci gaba da buga dunduniya bai sani ba. Ƙasa mai tauri, in ji shi, nan take take gaya maka ka yi kuskure.

Da ya yarda in fara gudu, daga wannan raga zuwa waccan ne kawai, in dawo da tafiya. Ya ce in rage taku, ƙafa ta sauka a ƙarƙashina, kada in jefa ta gaba. Gaban tafin ya fara taɓawa, dunduniya ta biyo a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Shi kuwa sai ya juya mini baya ya rufe ido yana saurare. In ya ji ƙarar ƙafata sai ya ɗaga sanda, in tsaya. In na yi yau, gobe hutu, ko da ina jin ƙarfi. Ya bambance mini gajiyar nama, wadda ke tafiya in an huta, da ciwo mai suka a ƙashin bayan ƙafa ko a jijiyar dunduniya, wanda in ya zo a daina nan take har sai ya wuce. Abin da ya fi mini wuya shi ne tsayawa alhali ina son ƙari. Na yi ta ƙorafi. Ya tambaye ni ko ranar da aka kawo mini ɗan koyo nake ba shi shaddar amarya ya yanka. Na ce a'a, sai ya daɗe yana taka feda ba zare ba ƙyalle, har ƙafarsa ta san keken. Ya ce to ni ma fedar nake takawa, in yi haƙuri.

A cikin wannan haƙurin ne na lura wani abu ya canja. Da farko ina gudu ne don in tsere wa tunaninta. Amma wanda ke sauraren ƙafarsa ba ya iya tserewa ko'ina, dole ya kasance inda yake. Sai na fara sanin filin. Gefen gabas yana riga sauran ɗumi. Gindin bishiyar turare raɓa na daɗewa. Akwai wani wuri kusa da raga da yashi ke da laushi kamar garin tuwo. Tunaninta na zuwa, amma yanzu a gefena yake tafiya.

Tafin ƙafata ya yi kauri, kuma wannan ya fara ba ni tsoro. Na riƙa tunanin ko kaurin zai hana ni jin tsinke. Ranar Juma'ar da Rahina ta ce za ta fara gwaji, ta zo bayan la'asar. Ta kawo ruwan ɗumi a roba ta wanke mini ƙafa, ta duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta danna dunduniya. Sannan ta je bayan ƙofa ta zaro tsinke daga tsintsiyar mahaifiyarku, wadda ba wanda ya taɓa tun rasuwar. Ta ce in rufe ido, in na ji in faɗa.

Na rufe. Ban ji komai ba. Na jira, ban ji ba. Ina jin kiran mai gyaɗa a lungu, ina jin numfashin Rahina, amma ƙafata shiru. Na tuna ɗakin Rayfield da banɗakinsa. Na tuna filin. A lokacin na gane abin da ya sa mahaifiyarku take cewa ta ji. Kalmar ta zo har bakina, kuma ba wuya faɗarta. Na haɗiye ta. Na ce a raina in ya ƙare ya ƙare, alkawari na yi.

Sai tsinken ya sauka a tsakiyar tafin ƙafata. Na fizge ƙafa da ƙarfi har na shure robar, ruwa ya malale a tabarma. Na buɗe ido na ga Rahina zaune a ƙasa, zanenta a jiƙe, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce:

"Ban taɓa ka ba ne tun ɗazu, Baba. Jira nake in ga ko za ka yi mini irin na Mama."

Har yau tana zuwa duk Juma'a, kuma har yau ba ta daina jinkirin nan ba.

A damina ta gaba na fara zagaya filin gaba ɗaya ba tare da Baba Dung ya ɗaga sanda ba. Bai yabe ni ba, cewa ya yi yau dai bai san akwai mutum a filin ba. Da na koma gida ran nan na tsaya a ƙofar ɗakinta, na ce a fili, ba a zuci ba, yau da sanyi gindin turare, amma gefen gabas ya fara ɗumi. Daga nan na shiga na kwanta na yi barci har azahar, irin barcin da na manta da shi.

Abba, ka dawo zuwa gaisuwa daga baya, kuma ba ka taɓa gazawa da hidimata ba. Amma a bakin ƙofa kake tsayawa, maganar ran nan kuwa tana nan inda muka bar ta. Kambas ɗin da ka kawo ina sa shi kullum daga gida zuwa fili, saboda kwalaben hanya, a bakin get nake cirewa. Ya yi mini daidai, ban san yadda ka san lambar ƙafata ba. Tsoron da ka ji gaskiya ne, kuma da ni ne a wurinka abin da zan yi ke nan. Akwai maganar da ya kamata in faɗa maka ranar da ka ɗago ka dube ni, bakina ya kasa. Ina gefen gadonta da safen da za a shiga da ita ɗakin tiyata, ta ce mini gara da kai ne za ka sa hannun, don ta san ni ba zan iya ba. Ba ta tafi da komai a ranta game da kai ba. Hannunka bai kashe ta ba, Haruna.